Yadda Ake Cin Abincin Rana na Dim Sum a Guangzhou da Hong Kong: Jagora ga Matafiyi

Dim sum abincin mutanen lardin Guangdong ne a kudancin Chaina, da maƙwabtansu na Hong Kong da Macau. Ƙananan girke-girke ne masu yawa, galibinsu turararru, wasu soyayyu, wasu gasassu, ana kawo su uku-uku ko huɗu-huɗu a cikin ƙananan kwandunan gora, a ci su tare ana kurɓar shayi. Mutanen wurin suna kiran zaman gaba ɗaya yum cha, kuma da wannan sunan za ka tambaya idan kana neman wuri. Duk ɗan kasuwar da ke sauka a unguwannin Xiaobei ko Sanyuanli na birnin Guangzhou, ko mai zuwa baje kolin Canton Fair da ake yi a Pazhou a watannin Afrilu da Oktoba, yana wuce gidajen dim sum kullum. Da yawa ba sa shiga, saboda tsoron alade da rashin sanin tsarin wurin. Tsoron yana da tushe, amma akwai yadda ake bi.

Abubuwan da za ka tanada

Abokan ci. Dim sum abincin tarayya ne. Mutum uku zuwa shida shi ne daidai, domin kowane kwando ya zagaya kuma ku ɗanɗani abubuwa da yawa. Mutum ɗaya ma yana iya ci, sai dai kwando uku zai ƙosar da shi.

Lokaci. Ka ware awa ɗaya da rabi. Wanda ke sauri ya kama mai kaya a kasuwa gara ya ci taliya ya wuce.

Waya mai intanet da manhajar fassara. Google ba ya aiki a babban yankin Chaina, saboda haka ka sauke fassarar Sinanci wadda ke aiki ba tare da intanet ba tun kana gida, musamman mai karanta rubutu ta kyamara. A Hong Kong babu wannan matsala.

Hanyar biya. A Guangzhou kusan komai da manhajojin waya na Alipay ko WeChat Pay ake biya, kuma dukansu suna karɓar katin Visa ko Mastercard na ƙasar waje, idan bankinka ya yarda. Ka riƙe tsabar yuan a aljihu ko da katin zai ƙi. A Hong Kong kuɗinsu daban ne, dalar Hong Kong, kuma tsofaffin gidajen shayi da yawa sun fi son tsaba.

Takardar goge hannu. Gidaje da yawa ba sa bayarwa kyauta. Idan ka buɗe ƙunshin da ka tarar a kan tebur, zai fito a lissafi.

Katin bayani. Ka ajiye wannan jimla a waya, ko a rubuta maka a takarda: 我是穆斯林，不吃猪肉和猪油. Ma'anarta: ni Musulmi ne, ba na cin naman alade da kitsensa. Idan jatan lande, gyaɗa ko riɗi suna tayar maka da borin jini, ka sa a ƙara su a katin, domin jatan lande yana cikin kusan rabin abin da za a kawo.

Mataki na 1: Zaɓi gidan kafin ka zaɓi abincin

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, kuma nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Mutum zai shiga gidan dim sum na gama-gari da niyyar zai kauce wa alade ya ci na jatan lande da na sa. Hakan ba ya fitar da shi, domin a girkin Guangdong alade ba nama kawai ba ne, shi ne man girki da kayan ɗanɗano. Har gow, wanda kowa ke cewa na jatan lande ne zalla, a girkin gargajiya ana sa masa yankakken kitsen alade don ya yi laushi. Dunƙulen naman sa ma haka. Ɓawon daan taat, wato gasasshen ƙwai mai zaƙi, sau da yawa da man alade ake murza shi. Lo bak go, wato soyayyen haɗin farar saiwa da garin shinkafa, da lo mai gai, wato shinkafa mai danƙo da ake ƙunshewa a ganye, suna ɗauke da busasshen tsiren alade yankakke ƙanana. Yajin da ake kira XO yawanci akwai busasshiyar cinyar alade a ciki. Ga giyar shinkafa da ake jiƙa nama da ita, ga kuma kaza da sa waɗanda ba yankan Musulmi ba. Ma'aikacin da ka nuna wa kati zai iya ce maka babu alade da zuciya ɗaya, domin shi tsoka yake nufi, bai lissafa kitse ba, kuma yawanci an riga an haɗa komai tun asuba, ba abin da za a cire.

Saboda haka Musulmi ya nemi gidan da ke da alamar 清真, wadda ake karantawa cingjen, ita ce halal a Chaina. Yawanci za ka gan ta a koren allo.

A Guangzhou, sanannen wuri shi ne Huimin Fandian, 回民饭店, a kan titin Zhongshan Liu Lu, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou da ke layi na 1. Tsohon gida ne na Musulmin birnin, girkinsu na Guangdong ne amma da sa, rago da kaza. Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta yana nan kusa, tafiyar ƙafa ce, don haka kana iya haɗa cin abinci da sallar azahar. Ka lura cewa yawancin gidajen halal na Xiaobei na mutanen Xinjiang ne, ko masu taliyar Lanzhou, ko Larabawa da Turkawa. Abincinsu halal ne, amma ba dim sum suke yi ba.

A Hong Kong, ka nufi Islamic Centre Canteen, hawa na 5 a ginin Masallacin Ammar, lamba 40 titin Oi Kwan a unguwar Wan Chai. Wuri ne mara ƙyale-ƙyale, farashinsa da sauƙi, kuma dim sum ɗinsa na gaske ne. Wanda ya sauka a Tsim Sha Tsui, wajen Chungking Mansions, yana iya hawa jirgin ruwan Star Ferry ya tsallaka zuwa Wan Chai. Da yake ginin masallaci ne, a shiga da sutura ta mutunci, kuma ranar Juma'a bayan an idar da salla wurin yana cika. Ka tuna Hong Kong tana da nata tsarin biza: mai fasfon Najeriya sai ya nemi nata daban, kuma idan bizarka ta Chaina ta shiga ɗaya ce, tsallakawa Hong Kong fita ce, ba za ka iya komowa da ita ba.

Idan babu gidan halal kusa, mafita ta biyu ita ce gidan cin ganyayyaki na mabiya addinin Buddha, mai alamar 素 ko 斋. Ba sa girka nama ko kitsen dabba gaba ɗaya. LockCha da ke cikin lambun Hong Kong Park yana yin dim sum irin wannan tare da shayi mai kyau. Wanda jirginsa ya biya ta Maleshiya ko Singafo ya fi kowa samun sauƙi, domin can akwai gidajen dim sum masu takardar shaidar halal, ta hukumar JAKIM a Maleshiya, ta hukumar MUIS a Singafo.

Wanda addininsa bai hana shi alade ba, ƙofa a buɗe take: Tao Tao Ju da Lianxiang Lou a Guangzhou sun haura shekara ɗari, akwai Luk Yu a Hong Kong tun 1933, akwai Maxim's Palace a City Hall inda har yanzu ake zagayawa da amalanken abinci. Sauran matakan duk iri ɗaya ne ga kowa.

Idan kuma mai kamfanin da kake sayen kaya a wurinsa ne ya gayyace ka, ka gaya masa tun kwana ɗaya kafin ranar cewa gidan 清真 kake so. Ba ya jin haushin wannan. Abin da ke ba shi kunya shi ne ya cika tebur baƙonsa ya zauna yana shan shayi kawai.

Mataki na 2: Je a kan lokaci, karɓi lamba

Dim sum na safe da rana ne. Gidaje da yawa suna farawa tun bakwai ko takwas na safe, su daina wajen biyu da rabi zuwa uku na rana. Lokacin da ya fi dacewa da baƙo shi ne sha ɗaya zuwa sha ɗaya da rabi a ranar aiki: an gama fitar da komai, ma'aikatan ofis ba su ɓarko ba tukuna. Bayan ƙarfe biyu za ka tarar abubuwa masu kyau sun ƙare. Asabar da Lahadi ranakun iyali ne, jira yana iya kai awa.

A bakin ƙofa ka nuna yawanku da yatsu. Za a ba ka takarda mai lamba. Da Sinanci ake kiran lambar, don haka ka tsaya inda kake ganin allo, ko ka nuna wa mai kiran takardarka ta san fuskarka. Idan lambarka ta wuce, sai ka sake sabon layi. A wasu gidaje, musamman a Hong Kong, za a tambaye ka ko ka yarda a haɗa ku tebur ɗaya da wasu. Ka yarda, yana rage jira sosai. Kowa da butarsa, da abincinsa, da lissafinsa, kuma ba dole ba ne a yi hira.

Mataki na 3: Zaɓi shayi

Kafin a ba ka jerin abinci za a tambaye ka wane shayi za ka sha. Ka shirya amsa, domin ma'aikatan ba sa tsayawa dogon bayani.

Bo lei, wanda a Sinancin Mandarin ake kira pu'er, baƙi ne mai ƙamshin ƙasa, shi mutanen gari suka fi sha saboda yana wanke maiƙo daga baki. Heung pin shayi ne mai ƙamshin furen yasmin, mara nauyi, shi ya fi sauƙi ga mai farawa. Tit gun yam yana tsakani, yana da ɗan ɗaci mai daɗi. Guk fa busasshen fure ne zalla ba ganyen shayi, ya dace da wanda shayi ke hana shi barci ko ke sa masa bugun zuciya. Guk bou haɗin furen ne da bo lei, kuma a ganina shi ya fi tafiya da abincin rana mai soyayyen abu a ciki.

Ba a sa sukari, ba a sa madara, kada ka nema. Kuɗin shayi kuma da kai ake lissafa shi, kowa sai an caje shi ko ya sha ko bai sha ba. Haka ɗan farantin gyaɗa ko tsamammen ganye da za a ajiye ba ka nema ba: idan ba ka so, ka mayar tun kafin a taɓa.

Mataki na 4: Ɗauraye kayan cin abinci

Za a ajiye muku babban kwano, na roba ko na ƙarfe, babu komai a ciki, wani lokaci tare da butar ruwan zafi daban. Ba na miya ba ne, ba kuma na wanke hannu ba. Ka zuba ruwan zafi ko shayin farko a ƙaramin kwanonka, ka tsoma bakin kofin shayi a ciki ka juya shi da yatsu har ya zagaya, ka tsayar da tsinkayen cin abinci a kwanon ka kwarara ruwa a jikinsu, ka ɗauraye cokali, sannan ka juye ruwan a babban kwanon. Ma'aikaci zai ɗauke. Ruwan yana da zafi ƙwarai, ka riƙe kofin ta gindi. Al'ada ce ta Guangdong da Hong Kong, ba wanda zai ɗauka kana raina tsabtar gidan. A manyan otal-otal ba a kawo kwanon, sai ka bar wannan mataki.

Mataki na 5: Yin oda

Tsari uku ne, ka duba wanda gidan ke bi.

Na farko takarda da fensir. Jerin abinci ne da ƙaramin akwati a gaban kowane suna. Ka rubuta yawan kwandon da kake so, ba yawan ƙwaya ba. Wanda ya rubuta 4 a gaban siu mai yana nufin guda huɗu, kwando huɗu za a kawo masa, guda sha shida ke nan. Idan ka gama ka ɗaga takardar sama, za a zo a karɓa.

Na biyu amalanke, ko kanta inda ake jera kwanduna. Za a ba teburinku kati. Mai tura amalanke za ta buɗe murfi ka gani, ka nuna abin da kake so, ta buga tambari a katin. Kada katin ya ɓace, shi ne lissafinku. Idan amalanken ba ya isowa wajenku, ka tashi da katin ka same shi, haka 'yan gari ke yi. Ka fi son kwandon da ke ƙasa ko wanda ya fito daga kicin yanzu. Na saman da ya sha zagaye ya huce.

Na uku, wanda ya yi yawa a Guangzhou yanzu, shi ne ɗaukar hoton lambar QR da ke manne a tebur da WeChat, jerin ya buɗe a waya da hotuna. Idan wayarka ta ƙi, ka nemi jerin takarda, kusan kullum akwai.

Farashi aji-aji ne: 小 ƙarami, 中 matsakaici, 大 babba, 特 na musamman, 顶 na ƙoli. Waɗannan ajin kuɗi ne, ba girman kwando ba. Har gow guda huɗu yana iya zama a aji mai tsada, babban burodi kuma a ƙaramin aji.

Haruffa kaɗan za su taimake ka karanta jerin: 猪 alade, 牛 sa, 羊 rago, 鸡 kaza, 虾 jatan lande, 鱼 kifi, 酒 giya. A Hong Kong siffar wasu ta ɗan bambanta: 豬, 雞, 蝦, 魚. Abu mafi muhimmanci: a gidan da ba na halal ba, idan ka ga 肉 shi kaɗai ba a faɗi dabbar ba, alade ne. Haka 叉烧 da 排骨 da 腊.

Yawan da za a nema: kwando biyu da rabi zuwa uku ga kowane mutum. Mutum biyu, biyar ko shida. Mutum huɗu, goma zuwa sha biyu. Amma kada ku nema gaba ɗaya. Ku fara da rabi, idan kun kusa cinyewa ku ƙara. Dim sum yana lalacewa cikin mintuna kaɗan da hucewa: fatar har gow ta yi tauri, kitsen nama ya daskare, soyayye ya yi laushi. Tebur cike da kwanduna sha biyu lokaci guda yana da kyan hoto, amma rabinsa da sanyi za a ci.

Mataki na 6: Me za a nema

A gidan halal sunayen ba sa canzawa, naman ne ake musanyawa. Ga abin da ya kamata mai farawa ya sani.

Har gow, ana furta shi ha gau. Jatan lande ne da tohon gora a cikin fata mai sheƙi da aka yi da sitacin alkama da na rogo. Da shi ake auna gwanintar gida. Mai kyau ana hango jan jatan landen ta cikin fatar, fatar ba ta yagewa idan an ɗaga, ba ta manne wa takardar ƙasa, naman kuma yana da ɗan ƙarfi a haƙori, ba ya dagargajewa. Idan an kawo, ka ba shi kamar minti ɗaya tururin ya sauka. Wanda aka ɗaga nan take fatarsa ke yagewa.

Siu mai. Dunƙulen nama da jatan lande a cikin rawayar fata mai buɗaɗɗen sama. A gidan halal da kaza ko sa ake yi.

Cheung fun. Ƙullun shinkafa ne ake turarawa falle-falle, a naɗe shi da sa ko jatan lande, a zuba masa baƙin ruwan waken suya mai ɗan zaƙi. Shi za a fara ci da zarar ya iso, domin ya fi komai saurin yin tauri. Yana da santsi, ka yanka da gefen cokali ka ɗiba.

Bao. Turararren burodi fari mai laushi da nama mai zaƙi-zaƙi a ciki. Char siu bao na asali alade ne; na halal kaza ko sa. Akwai 'yar takarda manne a gindinsa, a ɓare ta. Wannan da hannu ake ci.

Lo mai gai. Shinkafa mai danƙo da kaza da laimar kwaɗi, an ƙunshe a ganyen wani irin bado an turara. A buɗe ganyen a ci na ciki, ganyen ba a ci. Yana cika ciki ƙwarai, ɗaya ya isa mutum biyu ko uku, kuma a bar shi sai zagaye na biyu.

Lo bak go. Wata farar saiwa ce ake gurzawa a haɗa da garin shinkafa, a turara, a yanka, a soya gefe-gefe. Laushinsa kusa da na alala, amma bayansa a soye. Yana son yaji.

Ƙafar kaza. An soya, an jiƙa, an turara da baƙin wake da ɗan barkono har fatar ta kumbura ta yi laushi. Ka ciji yatsa ɗaya, ka tsotse fatar a baki, ka fitar da ƙananan ƙasusuwan a faranti. Akwai kuma tumbin sa da citta da lawashin albasa, wanda Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi ba.

Ganye. Ku nemi faranti ɗaya na choy sum ko gai lan da aka tsoma a tafasasshen ruwa. Ba a cikin kwando yake zuwa ba, shi ya sa ake mantawa da shi, amma shi ke karya nauyin nama da ƙullu.

Kayan zaƙi. Daan taat da ɗuminsa. Jin deui, soyayyen dunƙulen shinkafa mai danƙo da aka mulmula a riɗi. Ma lai go, turararren kek mai ruwan ƙasa. Da lau sa bao, burodi mai narkakken gwaiduwar ƙwai a ciki. Wannan na ƙarshen yana ƙona mutane: kada ka gatsa kai tsaye. Ka ɓara shi biyu a saman kwano, ka bari ya sha iska.

Misalin oda ga mutum huɗu: zagayen farko har gow, siu mai, cheung fun na sa, ƙafar kaza, tumbi da ganye. Zagaye na biyu bao, lo mai gai, lo bak go da ƙarin duk wanda ya fi yi muku daɗi. A rufe da daan taat da jin deui. Ku duba yawan ƙwaya a kwando: idan uku ne ku kuma huɗu, ko ku nemi biyu ko ku nemi ma'aikaciya ta raba da almakashi, suna yawo da shi saboda haka.

Kicin ba ya bin tsarin da ka rubuta. Abin da ya nuna shi ake kawowa, har kayan zaƙi suna iya riga nama. Idan kana son su zo a ƙarshe, sai a ƙarshe ka nema.

Mataki na 7: Ci da shan shayi

A gabanka akwai ƙaramin kwano, faranti a ƙarƙashinsa ko gefensa, cokalin tangaran, kofi da tsinkaye biyu. A cikin kwanon ake ci. Farantin na ƙashi ne da takarda da ganye. Ka ɗauko guda ɗaya daga kwando ka sa a kwanonka, sannan ka kai baki. Idan akwai tsinkaye masu wani launi daban a tsakiya ko a gefenka, na ɗebowa ne daga kwando, ba a kai su baki.

Riƙon tsinkaye: na ƙasa yana kwance a gindin babban yatsa, ya jingina da yatsan zobe, ba ya motsi. Na sama ana riƙe shi kamar biro, shi kaɗai ke hawa da sauka. Ka riƙe su daga sama da tsakiya. Wanda ya riƙe kusa da baki ba ya samun ƙarfin matsewa. Ka sa cokali a hannun hagu a ƙarƙashin abin da ka ɗauko don ya tare idan ya suɓuce, ka ci da dama. Idan abin ya gagara ka nemi cokali mai yatsu, 叉子, ba abin kunya ba ne. Abin da ba a so shi ne soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake kafa turaren matattu a wurinsu, ko nuna mutum da su, ko tona kwando ana zaɓe.

Ruwan waken suya, man barkono da khal suna kan tebur ko a nema. Ka ɗanɗana tukuna kafin ka tsoma. An riga an sa wa kowane abu gishirinsa, kuma har gow mai kyau ba ya buƙatar komai. Mai son yaji ya zuba man barkono a ɗan faranti ya riƙa dangwala gefe. Girkin Guangdong ba mai yaji ba ne, daɗinsa a sabuntar kayan yake, wanda ya dulmiya komai cikin barkono zai fita bai san bambancin kwando da kwando ba.

Shayi yana da ladubbansa. Wanda buta ke kusa da shi ya zuba wa kowa, ya fara da babba, nasa ne na ƙarshe. Ba a cika kofi fal, kashi bakwai cikin goma ya isa, domin kofin ba shi da mariƙi kuma yana ƙuna. Ka danne murfin buta da yatsa lokacin zubawa. Idan wani ya zuba maka, ka ƙwanƙwasa tebur sau biyu ko uku da yatsu biyu a lanƙwashe kusa da kofinka, ita ce godiya, ba sai ka katse magana ba. Idan ka ƙoshi da shayi ka bar kofin a cike, in ka shanye za a sake zubawa. Idan ruwan buta ya ƙare, ka ɗaga murfin ka jingina shi a karkace a bakin butar. Ma'aikaci zai gani ya ƙaro ruwan zafi, kuma ƙarin ruwa kyauta ne. Bo lei yana yin baƙi ƙirin idan ya daɗe a buta, sai a sirka da ruwan zafi. A wasu gidajen Guangzhou za a ba ku butar lantarki da ƙunshin ganye ku haɗa da kanku: ku zubar da ruwan farko, ku sha daga na biyu, kuma kada ku bar ganyen ya jiƙu fiye da rabin minti a zubin farko-farko.

Idan tebur mai juyawa ne, a duba ko wani na ɗiba kafin a juya. Guda na ƙarshe a kwando a miƙa wa babba ko baƙo. Kwandunan da aka cinye a ɗora su kan juna a gefe, za a kwashe. Don kiran ma'aikaci, ɗaga hannu ka ce m goi, ita ce don Allah, ita ce kuma na gode. Wurin yana da hayaniya, ma'aikatan suna ajiye kwando su wuce ba murmushi. Yanayin aikin ne, ba wulaƙanci ba.

Mataki na 8: Lissafi da tashi

Ka ɗaga kati ko takardar odarku ka ce maai daan. A gidaje da yawa kai za ka kai ta wurin mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Ka duba abu huɗu: yawan mutanen da aka caji kuɗin shayi, gyaɗa ko takardar goge hannu da ba ku taɓa ba, abin da kuka nema bai iso ba, da kuɗin hidima. A Hong Kong yawancin manyan gidaje suna ƙara kashi 10 cikin ɗari, saboda haka ba sai ka ƙara komai ba. A Guangzhou ba a ba ma'aikaci tukuici, idan ka bar canji a tebur ana iya biyo ka da shi. Wanda kamfani ya turo kuma yake buƙatar rasidin hukuma ya nemi fapiao tun a wurin biya.

Idan mai masaukinka ne ya gayyace ka, shi zai biya. Ka nuna niyyar biya sau ɗaya ko biyu, ka bar masa, ka rama a wani zaman. Idan kai ka gayyata, ka tashi kamar za ka wanke hannu ka biya tun kafin a gama, ka huta da ja-in-ja a gaban kanta.

Abin da ya rage ana iya ƙunshe maka, ka ce da bao, za a caji ɗan kuɗin roba. Bao, lo mai gai da ma lai go suna jure ɗumame. Har gow da cheung fun ba sa jurewa, kuma duk abin da ke da jatan lande kada ya wuni a jaka cikin zafin Guangzhou kana yawon kasuwa. Idan ba za ka kai shi firij cikin awa biyu ba, ka bar shi a tebur.